Amanar Edita: Wa Ke Soke Buhun Ilmi Kafin A Kai Shi Kasuwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora da kaka, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, ya ga motoci shaƙe da buhunan masara da shinkafa suna fitowa daga ƙauyuka. Idan ya bi su zuwa kasuwa, zai ga yadda ake cinikin hatsi. Mai saye ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, domin kowa ya san mai algus a sama yake zuba mai kyau. Sai ya sa ƙarfe ya soki buhun ta tsakiya da ta gindi, ya murza ƙwayar a tafin hannu, ya ciza ya ji ko ta bushe. Idan ya yi sakaci, ba shi kaɗai zai yi asara ba, har da matar da za ta sayi mudu guda a can wani gari, wadda ba ta san manomin ba, ba ta kuma san dillalin ba.

Ilmin kimiyya ma yana da kasuwarsa, yana kuma da masu soke buhunsa. Kasuwar ita ce mujallar bincike, watau mujallar da masana ke buga sakamakon nazarinsu a ciki. Mai soke buhun kuwa shi ne edita, tare da masanan da yake neman shawararsu. Abin da wannan maƙala ke son ta tabbatar shi ne, amanar farko da ke wuyan edita ba ta marubuci ba ce, ba ta jami'ar da ta naɗa shi ba ce, ta mutumin da ba zai taɓa karanta mujallar ba ce, amma abin da aka buga a cikinta zai same shi har gona da ɗakin shan magani.

Daga mujalla zuwa gona

Manomin Kiru ko Bebeji bai taɓa buɗe mujallar bincike ba, amma irin masarar da ake kira SAMMAZ, wanda yake shukawa, ya fito ne daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Yawan takin da malamin gona ya ce a zuba, da tazarar da ya ce a bari tsakanin shuka da shuka, duk daga gwaje-gwajen da aka rubuta aka buga suka samo asali. Haka nan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta kawo albarkar noman rani, ta kuma kawo bukatar sanin yadda za a yi da tsargiya da sauron da ke biye da ruwan da ke kwance. Ma'aikacin lafiyar da ke duba marasa lafiya a Doguwa yana aiki ne da littafin ƙa'idoji, littafin kuwa an gina shi a kan maƙalun bincike. Ke nan idan aka yi algus a mujalla, a jikin talaka zai bayyana.

Ga yadda aikin ke tafiya a taƙaice. Mai bincike zai rubuta abin da ya gwada, da hanyar da ya bi, da alƙaluman da ya samu, da abin da ya fahimta daga gare su, sa'an nan ya aika wa edita. Edita zai miƙa rubutun ga masana biyu ko uku da suka ƙware a wannan fanni, waɗanda za a iya kiransu alƙalan maƙala. Galibi ba a sanar da marubuci sunayensu, domin kada kunya ko tsoro su hana su faɗin gaskiya. Za su duba ko hanyar binciken ta inganta, ko lissafin ya yi daidai, ko kuma marubucin ya faɗi abin da ya wuce hujjarsa. Daga nan sai su ba da shawara: a buga, ko a gyara, ko a mayar. Amma hukuncin ƙarshe na edita ne, saboda haka alhakin ma nasa ne. Mujallun kimiyya sun daɗe, domin tun a 1665 Henry Oldenburg ya fara fitar da mujallar Philosophical Transactions a London, kuma da tafiya ta yi tafiya sai tacewar masana ta zama ita ce ke bambanta mujallar bincike da jarida.

Darasin Kano, 1996

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da ke faruwa idan aka karɓi takarda ba tare da an soke ta ba. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya, ta hallaka mutum fiye da 11,000. Ana cikin wannan hali sai kamfanin magunguna na Pfizer ya zo daga Amurka, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da IDH. Yara 200 aka sa cikin gwajin. An ba kimanin rabinsu Trovan, sauran kuma aka ba su wani sanannen magani mai suna ceftriaxone, amma da ƙarancin awo fiye da yadda aka saba. Yara 11 sun rasu, 5 daga cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 daga ɗaya rukunin. Iyaye da dama sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, alhali a cikin asibitin nan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana ba da maganin da aka riga aka amince da shi. Shi kuwa kamfanin ya musanta aikata laifi. Ya ce ma'aikatan jinya sun nemi yardar iyaye da baki, kuma sanƙarau ne ya kashe yaran, ba magani ba.

Abin da ya shafi wannan bayani kai tsaye shi ne wata takarda guda. Ƙa'ida ce cewa kafin a gwada magani a jikin ɗan Adam, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarin gwajin ya amince. An kuwa miƙa wa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka wata wasiƙar amincewa mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da kwanan wata 28 ga Maris, 1996. Jaridar Washington Post ta fara tono labarin gwajin a watan Disamba na 2000, a farkon 2001 kuma ta ruwaito likitan da ya jagoranci aikin yana cewa daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar da kwanan watanta baya. Shugaban asibitin ya tabbatar da cewa a lokacin da aka yi gwajin, asibitin ba shi ma da irin wannan kwamiti. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahotonsa a 2001, inda ya ce gwajin ya saɓa wa doka, amma rahoton bai fito fili ba sai a 2006. Gwamnatin Jihar Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Gaskiya ne wannan wasiƙa ba edita aka miƙa wa ba, hukuma aka miƙa wa. Amma irinta ce ke isa teburin kowane editan mujallar likitanci a kowane mako. Kusan duk maƙalar da ta shafi gwaji a kan mutane tana ɗauke da jimla guda mai cewa kwamitin ɗa'a ya amince, kuma an sami yardar waɗanda aka gwada. Yarjejeniyar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara amincewa da ita a 1964, aka kuma yi ta sabunta ta daga baya, ta ɗora wa editoci nauyin ƙin buga duk binciken da ya saɓa wa ƙa'idojinta. Abin da ya faru a Kano ya nuna cewa wannan jimla tana iya zama bakin buhu kawai. Editan da ya karɓe ta bai tambayi wane kwamiti ba ne, mece ce lambar takardar, yaushe aka zauna, to, ya yi cinikin biri a sama.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano bisa zargin cewa an gurɓata maganin, kuma labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. Kwamiti ya riƙa fitar da sakamakon gwajinsa, wani kwamitin yana musantawa, talaka kuwa ya rasa wanda zai gaskata. Ba a ci gaba da rigakafin ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an kawo magani daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayarta daga nahiyar Afirka. Yarda kamar tukunyar ƙasa take, fasa ta minti guda ne, gina ta kuwa sai an sha wuya.

Tambayoyi huɗu

Akwai tambayoyi huɗu da bai halatta edita ya tsallake su ba. Ta farko ita ce wadda ta gabata: wa ya ba da izini, kuma waɗanda aka gwada sun yarda da saninsu? A yau Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, wanda ya fito a 2007, da kwamitin ƙasa mai rajistar kwamitocin asibitoci da jami'o'i. Saboda haka edita ba shi da uzurin cewa babu inda zai tambaya.

Ta biyu ita ce: wa ya biya kuɗin binciken, kuma mene ne ribar marubucin a cikin sakamakon? A 1998 mujallar Lancet ta Ingila ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa, wadda aka gina a kan yara 12 kacal, ta kuma jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda. A 2004 wani ɗan jarida mai suna Brian Deer ya bankaɗo cewa Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin kai ƙarar masu yin allurar. Duk da haka mujallar ba ta janye maƙalar gaba ɗaya ba sai a 2010, bayan shekara 12, lokacin da iyaye masu yawa suka riga suka guje wa rigakafin, ƙyanda ta sake kunno kai a Turai.

Ta uku ita ce: ina ainihin bayanan suke, kuma wa ya gan su da idonsa? A ranar 22 ga Mayu, 2020, ana tsakiyar annobar korona, Lancet ɗin nan dai ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan marasa lafiya fiye da 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, har da Afirka, ya kuma gano cewa kulorakwin da danginsa suna ƙara yawan mace-mace. Nan take Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da wani sashe na gwajin da take yi. Masana fiye da ɗari suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna nuna cewa alƙaluman ba su yi kama da gaskiya ba. Da aka nemi kamfanin Surgisphere, wanda ya ce shi ke da bayanan, ya ba da su a bincika, sai ya ƙi. A ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar. Wannan ba ya nufin kulorakwin na maganin korona, domin gwaje-gwaje na gaskiya sun nuna ba ya yi. Abin da ya nuna shi ne, ko mujallar da ta fi kowace suna tana iya karɓar buhun da ba ta soka ba. Bayan wannan abin kunya mujallar ta gyara dokarta, ta ce dole marubuci fiye da ɗaya ya tabbatar ya ga bayanan da kansa.

Ta huɗu ita ce: aikin na wanda ya sa hannu ne? A nan ake maganar satar rubutun wani, da buga bincike guda a mujallu biyu da sunaye daban, da cusa sunan shugaban sashe ko aboki a jerin marubuta alhali bai ɗaga ko tsinke ba, da kuma share sunan ɗalibin da ya sha rana yana tattara samfur. Duk waɗannan cin amana ne, ko da al'ada ta sa an daina ganin muninsu.

Mujallun biya a buga

Babbar barazanar da ke fuskantar jami'o'in Nijeriya ita ce mujallar da ba ta da mai sokewa sam. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai ya buga maƙalu, kuma inda aka fi kula da yawansu fiye da ingancinsu, dole 'yan kasuwa su samu ƙofa. Sai ga mujallu a intanet masu sunaye na alfarma, waɗanda ke karɓar kuɗi su buga duk abin da aka aiko cikin 'yan kwanaki. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya mai suna John Bohannon ya gwada su. Ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya mai cewa wani sinadari daga wani tsiro yana hana ciwon daji bunƙasa, ya cika ta da kurakuran da duk masanin fannin zai gane a karatun farko, ya kuma sa mata sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka na ƙage. Ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Daga cikin waɗanda suka karɓa har da wasu na manyan kamfanonin ɗab'i na Turai da Amurka, watau ciwon ba na ƙasashe matalauta kaɗai ba ne.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Laifin bai tsaya kan masu irin waɗannan mujallu ba. Kwamitin ƙarin girman da ke ƙirga maƙalu kamar ana ƙirga buhuna, bai karanta ko guda ba, shi ne ya buɗe musu kasuwa. Wanda ya fi cutuwa kuwa shi ne malamin kirki da ya shafe shekara uku yana gwaji a gona don ya fitar da maƙala guda, ya waiwaya ya ga wanda ya sayi goma ya wuce shi.

Uzurin edita

Wani zai ce an matsa wa edita. Shi ba ɗan sanda ba ne, ba shi da ikon shiga ɗakin gwajin kowa. A yawancin mujallun jami'o'in ƙasar nan malami ne mai ɗalibai ɗaruruwa, yana aikin editan ba tare da albashi ba, alƙalan maƙalar ma kyauta suke yi. Bugu da ƙari, idan aka tsananta, masu binciken Afirka da ke fama da ƙarancin kayan aiki su ne za a fara rufe wa ƙofa, kuma karɓar kuɗin ɗab'i ba laifi ba ne a karan kansa, tunda akwai mujallu nagari da ke karɓa.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai sauke nauyin ba. Ba a ce edita ya kama kowane maƙaryaci ba, domin ƙwararren maƙaryaci yana iya wuce kowa. Abin da ake nema gare shi bai fi ƙarfinsa ba. Ya nemi kwafin takardar izini, ya rubuta wa kwamitin da aka ambata idan ya yi shakka. Ya sa marubuci ya bayyana wanda ya ba shi kuɗi. Kada ya yanke hukunci a kan maƙalarsa ko ta ɗalibinsa ko ta abokin hamayyarsa, ya miƙa wa wani. Ya ɓoye sirrin rubutun da aka damƙa masa, kada ya ɗebi ra'ayin ciki ya yi amfani da shi. Kada kuɗin ɗab'i ya shiga tsakaninsa da hukunci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar injin tsada. Ƙungiyar COPE, wadda editocin mujallun likitanci suka kafa a Ingila a 1997, ta tsara matakan da za a bi a kowace irin matsala, kuma kowa na iya samunsu kyauta. Talauci na iya hana mai bincike sayen na'ura, amma ba ya tilasta masa ƙirƙirar alƙaluma. Mujallar da ke sassauta wa ɗan gida don tausayi, ita ce ke sa a raina binciken gida baki ɗaya.

Abin da ya fi komi wuya shi ne janye maƙala bayan an buga ta. A al'ummar da kowa ya san kowa, edita zai haɗu da marubucin a ɗakin shayi da wajen ɗaurin aure. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mujallar da ta fito ta ce ta yi kuskure, ta bayyana dalili, ta sa wa maƙalar alamar janyewa yadda duk mai karatu zai gani, ta fi cancantar a yarda da ita fiye da wadda ta shekara ashirin ba ta taɓa samun kanta da laifi ba. Ya kamata jami'o'i su tsaya wa irin wannan edita, su kuma umurci kwamitocin ƙarin girma su zaɓi maƙalu kaɗan mafi inganci daga kowane malami su karanta su da kyau, maimakon ƙirga.

Rabon ɗalibi da malami

Ɗalibin sakandare na iya ganin wannan batu ya yi masa nisa, alhali a ajinsa yake farawa. Wanda ya yi gwaji a ɗakin kimiyya ya samu 23.8, ya goge ya rubuta 25.0 don ya dace da abin da ke littafi, ya ɗauki darasin farko na ƙirƙirar alƙaluma. Malamin da ya ba shi maki, ya kuma rage wa wanda ya rubuta abin da ya gani tare da bayanin inda kuskure ya shigo, shi ne editan farko da ya kasa. Ya kyautu malamai su riƙa sa ɗalibai musayar rahotannin gwajinsu, kowa ya tace na ɗan'uwansa da hujja ba da gaba ba, domin su saba da cewa a nuna wa mutum kuskurensa ba cin fuska ba ne.

Haka nan idan aka ji a rediyo, ko aka gani a waya, cewa bincike ya nuna wani ganye yana warkar da ciwon suga, ɗalibin kimiyya ba zai tsaya a nan ba. Zai tambaya: a wace mujalla aka buga, mutum nawa aka gwada, da me aka kwatanta, wa ya biya, kuma akwai wanda ya maimaita gwajin ya samu irin wannan sakamako? Daga cikin yaran da ke zaune yau a azuzuwan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za a samu editoci da alƙalan maƙala na gobe. Ranar da rubutu ya iso teburinsu da tambari mai kyau da suna mai nauyi, abin da ake fata shi ne su tuna da mai sayen hatsi na kasuwar garinsu, wanda ba ya biyan kuɗi sai ya ga abin da ke gindin buhu.